Ƙiba Iri-Iri Ce, Me Ya Sa Muke Auna Ta Da Mudu Ɗaya?

Harshen Hausa bai taɓa ɗaukar cikar jiki a matsayin abu ɗaya ba. Akwai ƙiba, akwai teɓa, akwai tumbi, akwai kumburi. Akwai wanda ake cewa ya murje, akwai kuma wanda ake cewa ƙirar gidansu ce, gado ya yi. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba takan dubi jikarta ta girgiza kai, ta ce wannan ba ƙibar lafiya ba ce. Amma da zarar mutum ya shiga ɗakin awo, sai a dunƙule duk waɗannan a cikin lamba guda, a rubuta ta a kati, a ba shi shawarar da aka ba na gabansa: rage ci, riƙa motsa jiki. Ni malami ne mai koyar da yadda gaɓoɓin jiki ke aiki, kuma a ganina a wannan gaɓar tsohuwar ta fi katin kusa da gaskiya.

Lambar da nake nufi ita ce BMI. Ana raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita bayan an ninka tsayin da kansa. Mai tsayin mita 1.70 da nauyin kilo 87 zai sami 30 da 'yan ɗigo, kuma daga 30 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa ƙiba ta wuce kima. Wanda ya fara wannan lissafi, Adolphe Quetelet, ɗan ƙasar Beljiyam ne, masanin lissafi da taurari, ba likita ba. A shekarun 1830 ya yi shi domin siffanta matsakaicin mutumin Turai. Sai a 1972 Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa sunan da muka sani yau, yana mai ganin amfaninsa wajen nazarin jama'a masu yawa. Ma'aunin ƙidayar gari ne aka mayar na duba mutum ɗaya. Ba ya bambance tsoka da kitse, bai kuma san inda kitsen ya taru ba. Ɗan dako a Kasuwar Dawanau da ma'aikacin ofis da ke wuni a kujera suna iya tashi da lamba ɗaya, alhali kama da wane ba wane ba ce.

Tun 1947 wani likitan Faransa a birnin Marsel, Jean Vague, ya lura cewa kitsen da ke taruwa a ciki shi ne ke tafiya da ciwon sukari da cututtukan jijiyoyin jini, wanda ke sauka a ƙugu da cinyoyi kuwa haɗarinsa bai kai haka ba. Dalilin ya bayyana daga baya. Kitsen da ke lulluɓe da hanji yana zuba abin da yake fitarwa kai-tsaye cikin jinin da ke zuwa hanta, hantar ta yi kitse, jiki ya daina jin kiran sinadarin insulin. Wato teɓar da muke yi wa kirari da alamar samu ita ce mafi mugunta, ko da mai ita siririn hannu ne da ƙafa.

An yi jinkiri kafin hukumomi su karɓi wannan, amma sun karɓa. A watan Janairun 2025 wani kwamitin masana 58 da mujallar Lancet ta ɓangaren ciwon sukari ta kafa, ƙarƙashin Farfesa Francesco Rubino na Landan, ya ba da shawarar a daina dogaro da BMI shi kaɗai. A haɗa da awon ƙugu, sannan a raba masu ƙiba gida biyu: waɗanda kitsen ya riga ya fara lalata aikin zuciya, huhu, hanta ko gwiwoyinsu, da waɗanda gaɓoɓinsu ke aiki lafiya tukuna. Na farko maras lafiya ne da ke buƙatar magani yau, na biyu mai haɗari ne da ke buƙatar sa ido. A Ingila ma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya ta sauko da iyakar zuwa 27.5 ga baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka da mutanen Asiya, saboda ciwon sukari yakan kama su tun nauyinsu bai kai na Turawa ba. Abin mamaki, Bahaushen da ke zaune a Manchesta ana auna shi da ma'aunin da aka gyara dominsa, ɗan'uwansa na Tarauni kuwa galibi yana kan tsohon.

Rarrabewar ta wuce batun inda kitse ya kwanta, ta kai ga abin da ya haddasa shi. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano leptin, sinadarin da kitse ke aikawa ƙwaƙwalwa ya shaida mata cewa rumbu ya cika. Bayan shekara uku, Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi na Kambirij suka sami wasu yara biyu 'yan'uwa, 'yan asalin Pakistan, waɗanda jikinsu ba ya yin wannan sinadari sam. Kullum cikin yunwa suke kamar waɗanda suka kwana uku ba su ci ba. Da aka fara yi wa irinsu allurar leptin, yunwar ta lafa, nauyin ya sauka. Wannan larura ba ta da yawa, amma akwai abin da ya sa ta tsaya mini a rai: an fi samun ta a zuri'ar da ake yawan auren zumunta, kuma kowa ya san matsayin auren zumunta a ƙasar Hausa. Yaron da tun yana goye ba ya ƙoshi, ya kai shekara huɗu yana da nauyin ɗan shekara goma, mu sai mu sa masa suna acici, mu yi dariya. Wataƙila gwaji yake buƙata.

A Asibitin Mayo na Amurka kuma, Dokta Andres Acosta da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2021 inda suka kasa manya masu ƙiba gwargwadon yadda jikinsu ke mu'amala da abinci. Wani sai ya ci da yawa kafin ƙwaƙwalwarsa ta ce ya isa. Wani yana ƙoshi da wuri, amma cikinsa na saurin zazzagewa, bayan awa ɗaya ko biyu yunwa ta dawo. Wani damuwa ce ke kai hannunsa kwano, wani kuma jikinsa ne ba ya ƙona abin da ya ci da sauri. Waɗanda aka zaɓa wa magani bisa rukuninsu sun rage kusan kashi 16 cikin 100 na nauyinsu a shekara guda, sauran kuwa kashi 9. Ban ɗauki wannan rabo a matsayin magana ta ƙarshe ba, domin mutane da yawa suna faɗawa rukuni fiye da ɗaya, wasu ma ba su shiga ko ɗaya ba, kuma kusan duk waɗanda aka gwada Turawan Amurka ne. Amma hanyar tunanin daidai take.

To, mu dawo gida, inda nake ganin akwai nau'o'i biyu da suka fi shafar mu, kuma ba su ne ake kururutawa a manyan tarukan ƙasashen waje ba.

Na farko shi ne ƙibar saye. Duk wanda ya san lungunan Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi ya san yawan shagunan magani da ke kewaye da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya kuma san cewa a Kano, kamar sauran biranenmu, samun ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe bai fi wuyar sayen goro ba. Galibin abin da ke cikin irin waɗannan ƙwayoyi shi ne dexamethasone, wani lokaci a haɗa da cyproheptadine mai buɗe ciki. Budurwa ta ga biki ya matso, ƙawaye na yi mata gorin rama, sai ta fara sha. Cikin makonni fuska ta yi zagaye kamar faranti, doron wuya ya tasa, ciki ya fito, amma hannuwa da ƙafafu su sirance, nankarwa mai duhu ta keto a ciki da cinyoyi. A ɓoye kuma sukari na hawa, jini na hawa, ƙashi na rarakewa, garkuwar jiki na raunana. Likitoci na kiran wannan yanayi da sunan Harvey Cushing, wanda ya fara siffanta shi. Idan irin wannan baiwar Allah ta hau sikeli aka ce mata ta rage tuwo, an bar jaki ana dukan taiki. Kuma ga wani abu da ya kamata kowace uwa ta sani: wadda ta daɗe tana shan wannan ƙwaya, haɗari ne ta yanke ta dare ɗaya, domin ƙullutun da ke saman ƙoda ya riga ya daina yin nasa sinadarin, jini na iya faɗuwa har a rasa rai. Sai dai a riƙa ragewa sannu a hankali a hannun likita.

Na biyu ya fi zurfi, domin tushensa yunwa ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, a daidai lokacin da kashi 28 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekarun haihuwa nauyinsu ya haura kima. Mutum zai zaci matsaloli biyu ne na gidaje biyu. Sau da yawa labarin mutum ɗaya ne a shekaru daban-daban. Jikin da ya sha ƙarancin abinci a ciki ko a goye yakan tashi da ƙarancin tsoka da dabarar tattali, idan kuma ya iso birni ya tarar da lemon kwalba, burodi, taliya da Adaidaita-Sahu har ƙofar gida, sai ya riƙa tara kitse a ciki. Ba sai mun je Holan, inda aka yi nazarin yunwar 1944 zuwa 1945, neman hujja ba. A 2010 an wallafa binciken da aka yi a kasuwannin Inugu kan mutum fiye da 1,300, aka ga waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin basasa sun fi waɗanda aka haifa bayansa hawan jini, matsalar sukari da nauyi a shekarunsu na arba'in. Yaran da ake kaiwa cibiyoyin tamowa a Katsina da Maraɗi yau, su ne za su cika layin masu ciwon sukari nan da shekara talatin idan ba a bibiye su ba.

Wani zai ce gwajin ƙwayoyin gado da alluran zamani irin su Wegovy ba na talakan Unguwa Uku ba ne. Gaskiya ne, kuma tsadar tasu ita ce ma hujjar rarrabewa: a babban gwajin da aka yi wa wannan allura, kusan mutum ɗaya cikin bakwai bai rage ko kashi 5 cikin 100 na nauyinsa ba. Wanda zai sayar da fili don magani ya cancanci sanin ko nasa ne. Bugu da ƙari, mafi yawan bayanan ƙwayoyin gado da duniya ke taƙama da su daga Turawa aka tattaro. Da Farfesa Charles Rotimi, ɗan Nijeriya mai aiki a cibiyar bincike ta gwamnatin Amurka, ya duba 'yan Afirka ta Yamma, sai ga wani sauyi a ƙwayar gado mai suna SEMA4D da ke da alaƙa da ƙiba, wanda ba a gan shi a Turawa ba. An wallafa wannan a 2017. Jami'ar Bayero da asibitin koyarwarta suna da masana da dubban marasa lafiya a kowane mako, abin da ya rage shi ne kuɗin bincike mai ɗorewa da rajista guda da za ta riƙa bin mutum shekara da shekaru.

Kafin a kai can, akwai abin da ƙaramin asibitin unguwa zai iya farawa gobe da tef ɗin tela. A auna ƙugu a tsakanin haƙarƙari na ƙasa da ƙashin kwatangwalo. Idan ya kai rabin tsayin mutum, a gwada sukari da hawan jini ko da BMI ya ce lafiya lau. A tambayi yaushe ƙibar ta fara, wa ke da ita a dangi, ko iyaye 'yan'uwan juna ne, ko mutum ya yi fama da tamowa yana yaro. A tambayi mace, a keɓe ba gaban miji ko uwar miji ba, wace ƙwaya take sha da wane haɗi aka ba ta, a kuma roƙe ta ta zo da kwalin a zuwa na gaba.