Maki ko Tsabar Kuɗi: Wanne Ya Kamata Matafiyi Ya Biya Tikitin Jirgi da Shi?

Duk wanda ya saba hawa jirgin sama, ko ɗan kasuwa ne mai saro kaya daga Dubai da Istanbul, ko ma'aikaci mai yawan zuwa taro, ya san wannan ɗan katin da kamfanonin jirage ke bai wa abokan cinikinsu. Kowace tafiya mutum ya yi sai a zuba masa maki, har wata rana a ce masa makinsa sun isa tikiti. A nan ne shawara ke tashi a cikin gida: ga yarinya za ta koma karatu, ga tsohuwa tana bukatar ganin likita a ƙasar waje, ga kuma kuɗin hannu ba su da yawa. Shin a kashe makin ne, ko a biya tsaba a adana su?

Asalin makin

Wannan tsari ya yaɗu ne daga Amurka, bayan kamfanin American Airlines ya buɗe nasa a shekarar 1981. Yau kusan kowane babban kamfani yana da irinsa: Ethiopian Airlines tana da ShebaMiles, Turkish Airlines tana da Miles&Smiles, Royal Air Maroc tana da Safar Flyer, Air France da KLM kuma sun haɗa nasu a 2005 suka kira shi Flying Blue. Ethiopian da Turkish suna cikin ƙawance guda, wato Star Alliance, saboda haka makin da aka tara a ɗaya ana iya neman kujera da shi a ɗayan.

Sai dai mai karatu ya sani, banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfani ya ƙirƙiro makin ne domin ya riƙe ka, kada ka koma wajen abokin gasarsa. Kuma tikitin maki ba kyauta ba ne ɗungurungum, domin harajin filin jirgi da sauran ƙarin da ake ɗorawa, da tsabar kuɗi ake biyansu.

Lissafin da ya kamata a yi

Hanyar ba ta da wuya. A duba farashin tikitin da tsaba, a cire kuɗin da za a biya ko da an yi amfani da maki, sannan a raba abin da ya rage da yawan makin. Mu ƙaddara, alal misali, tikiti ya kama jika 450 na sefa, ko kuwa maki 50,000 da haraji na jika 100. Ashe makin sun tsare maka jika 350 ke nan, wato kowane maki 1,000 ya tsaya a jika 7.

To, mu ƙaddara kuma wata tafiyar a lokacin rangwame: tikiti jika 200, ko maki 40,000 da haraji na jika 80. A nan abin da makin suka tsare jika 120 ne kacal, wato jika 3 a kan kowane maki 1,000. Wanda ya kashe makinsa a wannan tafiya ya sayar da su ƙasa da rabin darajar da za su yi masa a ta farko. Ƙa'idar ita ce: idan tikiti ya yi araha a biya tsaba, idan ya yi tsada a fito da maki. A tuna kuma, tikitin da aka saya da kuɗi yana kawo sabbin maki, na maki kuwa galibi ba ya kawo komai.

Lokutan tsada su ne hutun ƴan makaranta, ƙarshen shekara, lokacin Umara a watan azumi, da tafiyar gaggawa. Amma a daidai waɗannan lokutan ne kujerun maki ke ƙaranci, don haka wanda ya san ranar tafiyarsa ya nema tun da watanni. Ɗan kasuwa kuma ya tambayi nauyin kayan da tikitin ya yarje masa, da kuɗin sauya rana, kada ribar da ya ci a tikiti ta zube a wajen awon kaya.

Maki ba dukiyar ajiya ba ce

Akwai masu tara maki shekara da shekaru kamar hatsi a rumbu. Wannan kuskure ne. Manyanmu ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. Makin jirgi sun fi haka rauni, domin kamfani shi kaɗai ke yanke darajarsu. A 2018 Flying Blue ta sauya tsarinta, ta koma ba da maki gwargwadon kuɗin da aka kashe a jiragenta maimakon nisan tafiya, farashin tikitin maki kuma ya koma hawa da sauka. Ban da haka, a wurare da dama makin suna da wa'adi, idan ya cika sai su ƙone.

Hanyar ma tana iya rufewa. Air Afrique, wadda ta yi shekara 40 tana haɗa biranenmu, ta durƙushe a 2002. A watan Agustan 2023 kuma Air France ta dakatar da zuwa Yamai, waɗanda suka tara makinsu a can suka ga lissafinsu ya rikice. Lalle guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da ya shafi iyali

Idan biyan tsaba zai taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara, ko ya kai maigida ga cin bashi, to a kashe makin ko da lissafi bai ba da jika 7 ba, domin kwanciyar hankalin gida ta fi ribar takarda. Yawancin kamfanoni sun yarda mutum ya yankar wa matarsa ko mahaifiyarsa tikiti da makinsa. Sayar da maki ga dillalai kuwa ƙa'idojinsu sun hana, kuma suna iya soke tikitin su rufe asusun, a bar bawan Allah tsaye a filin jirgi da jakarsa. Wanda ya tara maki a tafiyar da ma'aikatarsa ta biya, ya fara tambayar dokar wurin aikinsa kafin ya mai da su nasa.

Saboda haka, kafin tafiya ta gaba, a zauna da biro da takarda, a duba farashin nan biyu a rana ɗaya, a raba, a kuma duba ranar da makin za su ƙone. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.