Dalilin da ya sa motar da aka ƙara wa tsayi ke karkarwa, da yadda ake gyara ta

Da zarar damina ta kankama a Jihar Adamawa, hanyoyin karkara da ke ɓullewa daga Fufore, Ganye da Toungo kan cika da laka da zaizaya, yayin da na yankin Mubi da Madagali ke ratsa duwatsu. Wannan ne ya sa masu motoci irin su Toyota Hilux da Land Cruiser a Yola da Jimeta ke kai su gareji domin a ɗaga su sama, ta hanyar ƙara ganyen sifirin ko sanya manyan tayoyi, don kada cikin motar ya riƙa gugar ƙasa.

Sai dai sau da yawa, motar kan fara karkarwa bayan an kammala aikin. Direba kan ji ta a ƙarƙashin kujera, musamman lokacin tashi ko kuma idan ya miƙe a kan titin Yola zuwa Numan. Akasari akan ɗora laifin a kan taya, a yi ta kashe kuɗi wajen balansin, alhali matsalar tana jikin farfela.

Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfe da ke ɗaukar ƙarfin inji daga giya zuwa aksul na baya. A kowane ƙarshenta akwai wata gaɓa da kanikawa ke kira kuros, wadda ke ba ta damar juyawa ko da ba a miƙe take ba. Wannan gaɓa tana da wata ɗabi'a da masanin kimiyyar Ingila Robert Hooke ya yi nazari a kanta tun ƙarni na 17: idan tana aiki a karkace, ɓangaren da ke karɓar juyi kan yi sauri sannan ya rage, sau 2 a kowane zagaye. A karkatar digiri 10, saurin kan hau ya sauka da kimanin kashi 1.5 cikin 100, amma a digiri 30 yakan kai kusan kashi 15.

Masu ƙera motoci sun magance wannan da kuros guda 2, ta yadda na biyu ke soke abin da na farko ya haifar. Sharaɗin shi ne karkatarsu ta zama daidai, kuma kunnuwan da ke riƙe su a jikin farfelar su kasance a layi ɗaya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce bambancin karkatar kada ya wuce digiri 1, kuma an fi so kowacce ta tsaya a wajen digiri 3 ko ƙasa da haka.

Idan aka ɗaga mota, giya kan tashi tare da gangar jikinta, aksul kuma ya tsaya inda yake, sai karkatar ta ƙaru kuma daidaiton ya ɓaci. Da yake farfela na juyawa kimanin sau 4 kafin taya ta juya sau 1, a gudun kilomita 80 cikin sa'a tana zagayawa fiye da sau 2,000 a minti guda. Ɗan kuskure kaɗan ya isa ya girgiza motar baki ɗaya.

Akwai alamomin da ke taimakawa wajen gane tushen matsalar. Karkarwar da ke zuwa lokacin tashi ko taka totur, ta ragu idan an saki, ta fi alaƙa da karkata. Wadda ke ƙaruwa da gudu ko an taka ko an saki, takan fito ne daga farfelar da ta lanƙwashe, ko busasshiyar laka da ta manne mata. Wadda ake ji a sitiyari kuwa, galibi daga tayoyin gaba take.

Matakin farko na gyara shi ne awo. Ana tsayar da motar a kan tayoyinta a shimfiɗaɗɗen wuri, da irin nauyin da ta saba ɗauka, sannan a auna karkatar giya da ta farfela da ta bakin aksul. Akwai ƙaramar na'urar awon kusurwa, kuma manhajar wayar salula ma tana iya yin aikin.

A motar da ke da sifirin mai ganye, ana cusa wani siririn ƙarfe mai kauri a gefe guda tsakanin sifirin da aksul domin a juya bakinsa sama ko ƙasa. Idan farfelar mai gaɓa biyu ce, kamar ta yawancin Hilux masu ƙofa 4, ana sauke boris ɗin tsakiya kaɗan da ƙarfen tallafi. Idan ɗagawar ta yi yawa, mafita ita ce farfela mai tagwayen kuros a wajen giya, kuma a nan ƙa'idar takan canza, domin bakin aksul zai fuskanci farfelar kusan kai tsaye. Haka kuma wajibi ne a duba ko tsawonta ya wadatar, kuma a yi mata alama kafin a kwance ta, domin mayar da ita a kan haƙorin da ba nata ba yana haifar da karkarwa shi kaɗai.

Yin sakaci da lamarin yana da tsada. Karkarwar tana cinye kuros, ta lalata boris, ta sa giya da aksul su fara yoyon mai. Idan kuros na gaba ya karye ana cikin gudu, farfelar na iya faɗowa ta caki ƙasa, motar ta ƙwace wa direba. Ga wanda ke ɗauke da fasinjoji ko amfanin gona daga Toungo, inda gareji ke da nisa, kuɗin awo da giris a Jimeta bai kai asarar kwana a daji ba.