Saƙar Safa da Kwarashi a Zangon Lome

Zangon Lome unguwar fatake ce tun asali. Hausawa 'yan kasuwa sun zauna a birnin tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka mai da Lome hedkwatar mulkinsu a 1897. A 1977 hukuma ta rushe tsohon zangon da ke tsakiyar gari, aka mayar da mutanensa arewacin birni, wajen Agoè. Kamar sauran unguwannin Hausawa, maza na kasuwa, mata kuma ba su rasa sana'ar hannu a cikin gida. Saƙa da kwarashi na cikin irin waɗannan sana'o'i, musamman hula da safar jarirai da ake kai wa maijego kafin ranar suna.

Asalin kwarashi

Hausawa sun daɗe da sanin kaɗi da masaƙa, amma kwarashi baƙo ne. A Turai ya bazu, a farkon ƙarni na 19. Wata mujallar ƙasar Holan mai suna Penélopé ta fara buga bayanin yadda ake yin sa a wajen 1823, kuma lokacin yunwar da ta afka wa Ayalan daga 1845 iyalai da yawa sun rayu da sayar da leshin kwarashi. Bambancinsa da saƙar allura biyu shi ne madauki ɗaya tak ke rataye a ƙugiya. Shi ya sa ya dace da matar gida: in tukunya ta tafasa ko an kira salla, sai ta soka fil a madaukin ta ajiye, gobe ta ɗora daga inda ta tsaya.

Zare da ƙugiya

Safa na son zare siriri da ƙaramin kwarashi, mai kaurin milimita 2.5 zuwa 3. Zaren safa na ƙasashen sanyi yawanci kashi 75 cikin 100 ulu ne, sauran nailan, don kada dunduniya ta yi saurin hujewa, kuma giram 100 kan kusa isar babban mutum. Lome kuwa bakin teku take, ga zafi ga gumi, sanyin hunturu ma ɗan kaɗan ne a watannin Disamba da Janairu. Don haka zaren auduga ya fi daɗin sawa a can, ko da yake ba ya miƙewa sosai. Zaren roba da ya cika kasuwa yana da araha da jure wanki, amma yana riƙe zufa. A sayi zaren ƙafa biyu a lokaci guda, domin launin wani dunƙule yakan ɗan saɓa da na wani.

Daga yatsu zuwa ƙwauri

Mafi sauƙi a fara daga yatsu. Ana yin 'yar sarƙa, a riƙa zagaya ta ana ƙari a gefe biyu har bakin ya rufe yatsun. Daga nan babu ƙari babu ragi, sai zagaye kan zagaye. Ana gwadawa a ƙafa a kai a kai, kuma gara safar ta ɗan matse, don za ta saki bayan an fara sawa.

Dunduniya ce inda gwanar take bambanta da 'yar koyo. In ya rage kamar santimita 5 a kai ƙarshen tafin ƙafar babba, sai a daina zagaye, a koma kai da komo a kan rabin saƙar, ana rage tsawon layi har tsakiya, sannan a riƙa ƙara shi. Haka ake samun ɗan ƙoƙon da dunduniya za ta zauna a ciki. In an ja zare da ƙarfi a nan, safar ba za ta wuce idon sawu ba, sai dai a warware. Bakinta na sama kuma a sassauta shi, balle na jariri, kada ya yi masa shati.

Ƙafa ta biyu

Ba safar farko ce ke ba da wahala ba, 'yar'uwarta ce. Aikin da aka ajiye mako biyu, hannu kan manta yadda ya ja zaren, ƙarshe ɗaya ta fito doguwa, ɗaya gajeriya. Maganin abin biyu ne: a rubuta yawan zagayen kowane sashe a takarda, ko a riƙa saƙa su tare, in an gama yatsun wannan a koma na waccan.

A kasuwar Hédzranawoé ta Lome, inda ake jibge gwanjo, safa ba ta da tsada, kuma mai kwarashi ba za ta iya karya wannan farashi ba. Abin da ta fi gwanjo da shi shi ne awo: tata daidai ƙafar mai ita take. Mai son koyo ta fara da ta jarirai, wadda ba ta cin zare ko lokaci, in hannu ya faɗa sai ta wuce ta manya.