Daga Tafkin Mbakawu Zuwa Bakin Teku: Abin da Hanyar Tibati Zuwa Kiribi Ke Koya wa Iyali

Yaron da ya tashi a Tibati ba baƙon ruwa ba ne. Ya san Tafkin Mbakawu, ya ga masunta suna sauke karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa daga kwale-kwale, ya ga kwandunan kifin banda ana ɗaure su a saman mota za a kai Ngawundare ko Yawunde. Amma tambaye shi inda ruwan nan yake zuwa idan an buɗe ƙofofin madatsa, sai ya yi shiru. Amsar tana kudu, tafiyar sama da kilomita 700, kuma duk magidancin da Allah ya hore masa ya kamata ya ɗauki iyalinsa su je su gan ta da idonsu, ko da sau ɗaya ne. Hanyar Tibati zuwa Kiribi, garin da ke bakin Tekun Atlantika, makaranta ce da babu allo, kuma darasinta shi ne cewa arewa da kudancin Kamaru a ɗaure suke da juna.

Ruwan da ya riga mu tafiya

An gama madatsar Mbakawu a kan Kogin Jerem a 1969, kuma tafkin da ta tara yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita biliyan 2.6. Ba don kifi aka gina ta ba, kifin riba ce da ta biyo baya. An gina ta ne don a tare ruwan damina, a riƙa sakinsa da rani lokacin da kogi ya ja baya, saboda injinan lantarki na Edeya kada su tsaya. Jerem yana gangarawa kudu ya haɗu da Kogin Lom, daga nan ne ake kiransa Sanaga, kogi mafi tsawo a cikin Kamaru, mai kimanin kilomita 918. Daga baya an ƙara wasu ma'ajiyan ruwa irin wannan a Bamenjin da Mafe da Lom Pangar, duk don aiki ɗaya. Ashe ke nan ruwan da ya sauka a kan tuddan Adamawa a watan Agusta yana cikin abin da ke kunna fitila a Duwala a watan Maris. Wannan magana yaro ba zai riƙe ta daga littafi kamar yadda zai riƙe ta idan ya tsallaka kogin da kansa ba, kuma a wannan tafiya sau biyu zai gamu da shi.

Hanyar fatake

Titin da ake bi shi ne babbar hanya mai lamba 15, wadda ta bi ta Lena da Yoko da Ntui zuwa Bachenga. Tsohuwar hanya ce. Tun bayan da Haman Sambo ya kafa lamidancin Tibati a ƙarni na 19, fataken Hausa suke ratsa ƙasar ƙabilar Bute da tufafi da gishiri da dutsen ado, su komo da hauren giwa. A 1890 wani hafsan Jamus, Curt von Morgen, ya taso daga Kiribi a ƙafa da 'yan dako, ya bi ta Yawunde da Yoko ya shiga ƙasar Tibati, ya wuce Banyo har ya ɓulla Ibi a bakin Binuwai. Watanni ya yi a hanya. A 1899 kuma sojojin Jamus suka ci Tibati da yaƙi. Uban da ya ba 'ya'yansa wannan labari a cikin mota ya mayar musu da dajin da suke gani ta taga ya zama tarihi.

Shekaru da yawa wannan hanya ta kasance abin tsoro da damina: jar ƙasa mai santsi, manyan motoci a kafe, fasinjoji suna kwana a daji. Shi ya sa mutanen Tibati da dama suka saba zuwa Ngawundal su hau jirgin ƙasa, wanda layinsa ya isa Ngawundare tun 1974. Aikin shimfiɗa kwalta ya kankama a 2017 da tallafin Bankin Raya Afirka da wasu masu ba da rance, kuma ya sauya abubuwa ƙwarai, ko da yake wasu sassan tsakanin Yoko da Ntui sun daɗe ba a kammala su ba. Don haka kafin a ɗaura kaya, a leƙa tasha a tambayi direbobin da suka taso jiya. Su ne suka san inda hanya ta gyaru da inda ta lalace.

Inda daji yake zama kurmi

Abin da ya fi kyau a nuna wa yara shi ne yadda ƙasa take sauya kama a hankali. A Tibati, wadda ke kan tudu mai tsayin sama da mita 800 daga teku, ciyawa ce doguwa da itatuwa jefi-jefi, ga shanun Fulani suna kiwo. Da an doshi Yoko sai a fara ganin kurmi siriri yana bin bakin kowane rafi, tsakanin rafi da rafi kuwa fili ne. Can gaba kurmin ya yi ta faɗi har ya haɗe, filayen su koma tsibirai a cikinsa. Dalili shi ne ruwan sama. Tibati damina ɗaya take yi, daga Afrilu zuwa Oktoba, sannan rani mai tsawo da gobarar daji, wadda ke ƙone ƙananan itatuwa ta bar ciyawa. Kudu kuwa damina biyu ake yi a shekara, rani gajere ne, wuta ba ta samun busasshen abin ci. A Kiribi ruwan da ke sauka a shekara yana kusan milimita 3,000.

A hannun hagu, gabas da titi, akwai gandun dajin Mbam da Jerem, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 4,000, inda daji da kurmi suka haɗu. Akwai giwaye da ɓauna da dorina da birai iri-iri, da tsuntsaye sama da nau'i 360. An keɓe shi a shekarar 2000, tare da gandun Kampo Ma'an da ke kudu da Kiribi, a matsayin diyyar dajin da bututun man Cadi zai ɓata. Bututun nan mai tsawon kilomita 1,070 ya taso daga yankin Doba, ya fara aiki a 2003, kuma a Kiribi yake ƙarewa, inda jiragen ruwa suke ɗaukar man. Ga wata igiya ta biyu da ta ɗaure mafarin tafiyar da ƙarshenta.

Bayan Ntui, ƙasar koko da ayaba, sai a iso Sanaga a Nachtigal. A da, a nan ake jerin gwano ana jiran jirgin fito, wani lokaci yini guda. Yanzu gada ce mai tsawon mita 400, mota ta wuce cikin ƙiftawar ido. A rage gudu, a ce wa yara su duba ƙasa: wannan faffaɗan ruwa da nasu a ciki. Kusa da nan ne aka gina sabuwar tashar lantarki ta Nachtigal mai ƙarfin megawat 420.

Zango a Yawunde

Kada a yi gangancin haɗa tafiyar a yini ɗaya, musamman da mata da ƙananan yara. A yada zango a Yawunde. Unguwar Birketeri gida ce ga duk mai jin Hausa ko Fulatanci: ga masallatai, ga masu tsire, ga masu shayi, da wuya a rasa ɗan uwa ko wanda ya san ɗan uwa. A nan za a ƙara guzuri, domin daga nan zuwa gaba ba kowane naman da ake sayarwa a bakin titi ne Musulmi zai ci ba, naman daji ya fi yawa.

Titin Yawunde zuwa Duwala, mai lamba 3, shi ne wurin da ya fi bukatar natsuwa. Hannu biyu ne kawai, ga kwana-kwana, ga manyan motoci ɗauke da gungumen katako, ga motocin haya masu gaggawa. Haɗurran da ake yi a kansa sun isa wa'azi. Kada a bi shi da dare, kada a wuce babbar mota a kan kwana, kowa ya ɗaura bel har na kujerar baya. A tanadi katin ɗan ƙasa da takardun haihuwar yara da na mota saboda shingen jandarma, da canjin sefa 500 na kuɗin hanya. Sannu ba ta hana zuwa.

A Edeya za a sake gamuwa da Sanaga, ya ƙara girma bayan ya haɗiye Kogin Mbam. Ga tsohuwar gadar ƙarfe ta Jamusawa ta 1911, ga masana'antar Alucam da ke narka sanholo tun 1957 da wutar da kogin nan yake bayarwa. Daga nan kogi ya yi yamma ya faɗa teku, matafiyi kuma ya karya kudu ya bi titi mai lamba 7, kimanin kilomita 110 cikin gonakin kwakwar manja. Iska za ta yi nauyi, gumi ya ƙi bushewa a jiki, domin an sauko daga tudu kuma iskar cike take da laima.

Ga teku

Duk yaron da ya fara ganin teku tambaya ɗaya yake yi: “Baba, ina ɗaya gaɓar?” Sai ya tsoma yatsa ya lasa, ya yamutsa fuska. A nan ne uba ko uwa za su gaya masa cewa koguna irin nasu ne suke wanko gishirin duwatsu kaɗan-kaɗan suna zubawa a teku, rana tana ɗauke ruwan ya zama girgije, gishirin yana zama. Shi ya sa litar ruwan teku take ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Girgijen kuma iskar damina ce take kora shi arewa ya zuba a Adamawa, ruwa ya sake kama hanyar Jerem. Idan an shimfiɗa tabarma da safe aka ga ruwa ya iso ta da rana, a gaya musu jan wata ne yake sa teku ya cika ya janye sau biyu a yini.

Kiribi tana da abin gani. Akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906 a bakin Kogin Kiyenke. Akwai mashigar masunta ta Mbowa Manga, inda za ka zaɓi kifinka ɗanye, mata su gasa maka shi a kan gawayi, a kawo da yaji da soyayyar agada ko curin rogo da aka naɗe a ganye. Kimanin kilomita 7 kudu da gari, Kogin Lobe yana zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, abin da ba kasafai ake gani a duniya ba, kuma wuri ne mai daraja a wajen Batanga da Mabi masu ƙasar, don haka a shige shi da ladabi. Can gaba a Mboro akwai tashar jiragen ruwa mai zurfi da ta fara aiki a 2018, wadda kayan arewa da na Cadi suke cikin abin da aka gina ta domin su.

Gargaɗi ɗaya ya zama dole. Wanda ya iya iyo a tafki bai iya teku ba. Akwai wuraren da ruwan da igiya ta kawo yake komawa ciki da ƙarfi ta wata 'yar siririyar hanya, kuma sau da yawa nan ne ya fi kama da wuri mai lafiya, domin igiya ba ta fashewa a wurin. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da ruwan, ya yi iyo a gicciye, daidai da gaɓa, har ya fita. Yara kuwa kada ruwa ya wuce musu gwiwa, kuma babba yana riƙe da hannunsu. A tambayi masunta inda ake wanka. A tafi da gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya hutu a bakin teku. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Disamba zuwa Fabrairu, Satumba da Oktoba kuwa ruwa ne ba ƙaƙƙautawa.

Kira biyu nake da shi. Ga hukuma: a kammala duk abin da ya rage na babbar hanya mai lamba 15, a kuma riƙa gyaranta, domin garin da ya ba ƙasa ruwan lantarki sama da shekara 50 ya cancanci hanyar da za ta kai kifinsa da masararsa da marasa lafiyarsa kudu cikin aminci. Ga iyaye: kuɗin da muke kashewa a biki guda ya isa wannan tafiya. Ku yi tanadi tun yanzu, ku tafi da 'yan mata kamar yadda za ku tafi da samari, ku tsaya a kowace gada ku yi musu bayani. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.