Jirgi Bai Tashi Ba, Wa Zai Gaya Wa Maniyyaci?

Idan watan Zulƙida ya kama, duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Doguwa ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada zuwa Kwanar Ɗangora, zai riƙa cin karo da motocin 'yan rakiya. Manomi ne ya sayar da masara ko shinkafar shekara biyu ko uku ya biya kujera. Da daddare santa ofisa ya aiko cewa a hallara a sansanin alhazai na Kano da safe. An yi sallama, an yafi juna, iyali sun yi kuka. Bayan kwana uku sai ga shi nan zaune a kan tabarma da jaka a gefe, guzuri yana ta raguwa, kuma babu wanda ya gaya masa abin da ya hana jirgi zuwa. Komawa gida kunya ce da kuɗin mota, zama kuma babu tabbas.

A daidai nan ne aikin jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin jirgin sama yake. Mutane da yawa sun ɗauka aikinsa shi ne ya yabi kamfani a rediyo, ya raba kalanda, ya musanta duk abin da aka faɗa. Wannan roƙo ne da sunan aikin ofis. Ainihin aikin shi ne fasinja ya san gaskiyar halin da ake ciki tun kafin ya ɗaure jakarsa, a cikin harshen da yake ji, daga bakin da ya amince da shi.

Kano ta daɗe da sanin jirgi. A 1925 ne jiragen sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a birnin. Daga baya 'yan kasuwar Arewa suka shiga harkar da kansu: Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a 1980, Ɗahiru Barau Mangal na Katsina ya kafa Max Air, Abdulmunaf Yunusa Sarina ya kafa Azman Air, sai Rano Air ta Auwalu Abdullahi Rano da ta fara ɗaukar fasinja a 2023. Masu kamfanonin Hausawa ne, fasinjojin filin jirgin Malam Aminu Kano ma galibi Hausawa ne, amma saƙon ɗage tafiya yawanci da Turanci yake shigowa waya, wani lokacin ma bayan mutum ya riga ya wuce Bebeji.

Jinkirin jirgi yana da dalilai da za a iya bayyana wa kowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe sararin Arewa, kuma doka ta hana matuƙi sauka idan ba zai iya hango titin jirgi daga nisan da aka ƙayyade ba. Jirgi ɗaya kuma yakan yi sawu da yawa a yini, saboda haka in ya makara a Legas da safe, wanda ke jiransa a Kano da yamma shi zai ɗauki makarar. A jigilar alhazai akwai ƙari: hukumomin Saudiyya ne ke yanka wa kowane jirgi lokacin sauka a Jidda ko Madina, in ya wuce sai an nemi wani, kuma ba a cika jirgi sai da waɗanda bizarsu ta fito. Dattawa ba su manta 22 ga Janairun 1973 ba, ranar da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano cikin hazo da iska, mutum 176 suka rasu. Wanda aka tuna masa da wannan, idan an ce masa hazo ne ya hana tashi, godiya zai yi wa Allah.

Abin da ke harzuƙa mutane shi ne shiru. Inda kamfani ya rufe baki, WhatsApp zai buɗe nasa. Cikin awa ɗaya za ka ji saƙon murya yana yawo daga Ƙiru zuwa Riruwai: an sayar da kujeru, jirgin ya lalace a Masar, an cire sunayen 'yan karkara. A 2022, bayan shekara biyu da korona ta hana baƙi zuwa Hajji, Najeriya ta samu kujeru 43,008 kacal, kuma duk da haka ɗaruruwan maniyyatan Kano suna zaune har aka rufe shiga Saudiyya, hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta fito ta nemi afuwa. Rashin tafiyar ya yi ciwo, zaman jiran gobe da jibi a sansani ya ƙara masa gishiri.

Me ya kamata kamfani ya yi? Ya faɗi labari mara daɗi da wuri, ya faɗi dalili, ya kuma faɗi lokacin da zai sake magana ko da babu sabon abu. Kada ya yi alƙawarin da bai tabbatar ba, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya yi magana ɗaya da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano, kada kowa ya riƙa jefa wa ɗan'uwansa laifi a gaban 'yan jarida. Ya bi hanyoyin da mutanenmu ke jin labari: Rediyon Kano, Freedom Rediyo, santa ofisoshi, malaman bita da saƙon murya da Hausa. Ya kuma lissafa nisa. Sanarwar da ta ishi mutumin Fagge, wanda adaidaita sahu za ta kai shi filin jirgi cikin 'yan mintuna, ba ta ishi mutumin Doguwa ba. Idan kuwa haɗari ne ya auku, Allah ya kiyaye, iyalai su fara ji daga bakin kamfani kafin su ga sunan ɗansu a Facebook.

Fasinja ma yana da nasa. Ƙa'idojin hukumar NCAA mai kula da sufurin sama sun tanadi cewa a jirgin cikin gida, idan jinkiri ya kai awa 2 a ba fasinja abin taɓa baki, idan ya wuce awa 3 yana da damar neman a maida masa kuɗinsa, idan kuma ya kai cikin dare a ba shi masauki. Hukumar tana da jami'an karɓar koke a manyan filayen jirgi. Saboda haka ka adana tikitinka da saƙonnin da aka turo maka, ka ba da lambar wayar da ke hannunka maimakon ta ejan, ka riƙe lambar santa ofisanka. Kafin ka hau mota ka kira ka tabbatar, kafin ka tura saƙon murya gaba ka tambayi wanda ya aiko shi inda ya ji.

A zamanin da kakanninmu ke zuwa Makka a ƙasa, ta Barno da Sudan, madugu ne ke gaya wa ayari inda za a yada zango da ranar da za a tashi, kuma wanda ya saba ɓoye wa ayari gaskiya ba ya samun mabiya a tafiya ta gaba. Kamfanin jirgi shi ne madugun yau. Manomin Tudun Wada da ya ba da noman shekara uku bai nemi a hana hazo sauka ba, so yake a kira shi tun yana ƙofar gidansa a ce, "Alhaji, kada ka taso yau, sai Laraba in sha Allah."