Zauren Gwanayen Besbol: A Auna Kowa da Mudu Ɗaya

A wani ɗan ƙaramin gari mai suna Cooperstown da ke jihar New York ta Amurka akwai wani gini da masoya ƙwallon besbol ke kai wa ziyara daga ko'ina. Shi ne Zauren Gwanaye, inda ake rataye allon tagulla mai ɗauke da fuskar ɗan wasa da taƙaitaccen tarihin bajintarsa. A 1936 aka zaɓi mutum biyar na farko, wato Ty Cobb da Babe Ruth da Honus Wagner da Christy Mathewson da Walter Johnson, aka kuma buɗe ginin a 1939. Abin mamaki a yau shi ne uku daga cikin waɗanda suka fi kowa kafa tarihi a wasan ba su da allo a bangon. Barry Bonds ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili sau 762, babu wanda ya kai haka a babbar gasar Amurka. Pete Rose ya yi bugu mai nasara sau 4,256, shi ma babu na biyunsa. Roger Clemens ya lashe kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa har sau bakwai. Dukansu suna waje, kuma duk watan Janairu da aka fitar da sakamakon zaɓe sai gardama ta sake tashi a kansu.

Ga wanda bai saba da wasan ba, gundarinsa karawa ce tsakanin mai jifa da mai bugu. Wancan ya wurgo ƙwallo da ƙarfi da dabara, wannan ya tare ta da gora, in ya same ta ya ruga ya zagaya zango huɗu kafin a kama shi. In ƙwallon ta tsallake katanga, ya ci zagaye ke nan babu mai tare shi. Kowace ƙungiya a babbar gasar MLB tana buga wasa 162 a shekara, kuma ana rubuta kowane jifa da kowane bugu, shi ya sa alƙaluma ke da nauyi a wannan wasa fiye da yadda suke da shi a ƙwallon ƙafa. Masu zaɓen shiga Zauren 'yan jarida ne da suka shekara goma a ƙungiyar marubuta labarin besbol. Sai ɗan wasa ya buga kaka goma a gasar, ya kuma shekara biyar da yin ritaya, kafin sunansa ya hau takardar ƙuri'a. Kowane mai zaɓe yana da damar zaɓar mutum goma, kuma sai wanda ya samu kashi 75 cikin ɗari yake shiga. Wanda ya gaza kashi 5 an cire shi nan take, wanda kuma ya shekara goma bai kai ba, sai dai ya jira wani kwamiti na mutum 16. Ƙa'idar zaɓen ta ce a duba bajinta, a kuma duba gaskiya da ɗa'a da halin mutum. A kan wannan sharaɗi na hali ne duk rigimar take.

Ra'ayina shi ne tambayar da ta kamata a yi wa kowane gwani guda ɗaya ce: a lokacin da ya aikata abin da ake tuhumarsa da shi, shin wasan ya shimfiɗa doka a fili, ya faɗi hukuncinta, yana kuma zartar da ita? In amsar e ce kuma ya keta, to shi ya rufe wa kansa ƙofa. In kuwa hukumar wasan ce ta kau da kai tana kwasar riba, ba adalci ba ne a zo bayan shekaru a ɗora wa mutum biyu ko uku laifin zamani guda. Wannan mudu yana shigar da Bonds da Clemens, yana barin Rose a waje, kuma dalili ɗaya ne ya jawo duka biyun.

Batun Rose ya fi sauƙi. An zargi 'yan wasa takwas na ƙungiyar Chicago White Sox da karɓar kuɗin 'yan caca don su zubar da gasar ƙarshe ta 1919. Kotu ta sallame su, amma shugaban wasan na farko, Kenesaw Mountain Landis, ya kore su har abada. Daga baya aka rubuta doka ta 21, wadda ake liƙawa a ɗakin canza kaya na kowace ƙungiya: duk wanda ya yi caca a kan wasan da yake da hannu a ciki, an kore shi kora ta dindindin. Rose ya shafe fiye da shekara ashirin yana wuce wannan takarda kullum. A 1989, yana kocin Cincinnati Reds, bincike ya gano yana caca a kan wasannin ƙungiyarsa, ya kuma sa hannu ya amince da korar. Ya yi ta musantawa har 2004, sannan ya amsa laifinsa a littafin da ya fitar. Masu kare shi suna cewa ai a kan ƙungiyarsa ta ci yake zuba kuɗi. Amma kocin da ya sa kuɗinsa a wasan yau zai iya gajiyar da gwanin mai jifansa don ya ci yau, gobe ta yi wa kanta, kuma ranar da bai zuba kuɗi ba ya riga ya gaya wa 'yan caca abin da yake zato. Rose ya rasu a Satumbar 2024, kuma a Mayun 2025 shugaban gasar, Rob Manfred, ya ce kora tana ƙarewa da mutuwa. Wannan ya buɗe damar a tattauna sunansa, bai sauya abin da ya faru ba. Ya san dokar, ya san hukuncinta, ya taka ta.

Labarin ƙwayoyin ƙara kuzari daban yake. A 1994 yajin aikin 'yan wasa ya sa aka soke gasar ƙarshe, jama'a suka yi fushi suka ƙaurace wa filaye. Abin da ya taimaka wajen dawo da su shi ne tseren 1998, lokacin da Mark McGwire ya yi bugun tsallake katanga sau 70, Sammy Sosa sau 66, duka biyun suka wuce 61 da Roger Maris ya kafa tun 1961. A watan Agustan shekarar wani ɗan jarida na kamfanin dillancin labarai na AP ya hango wata kwalba a saman akwatin kayan McGwire, a fili, inda kowa ke gani. Maganin gina tsoka ne da hukumar wasannin Olamfik ta riga ta haramta, amma besbol ba ta haramta ba. Da ya buga labarin, shi aka yi wa ca, ana cewa ya shiga abin da ba ruwansa. Filaye na cika, kuɗin talabijin na shigowa, babu mai son jin wata magana. Sai a 2003 aka yi gwajin farko, shi ma na sirri ne ba tare da hukunci ba, kuma da aka ga fiye da kashi 5 cikin ɗari sun faɗi gwajin ne aka fara gwaji mai hukunci a 2004. Rahoton tsohon Sanata George Mitchell na Disambar 2007 ya ambaci 'yan wasa fiye da 80, ya kuma ce alhakin yana kan kowa, daga shugabanni da masu ƙungiyoyi har ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa.

To, a duba yadda aka raba hukunci. Bud Selig, wanda ya shugabanci gasar a duk tsawon wancan zamani, ya shiga Zauren a 2017. Tony La Russa, kocin McGwire a Oakland da St. Louis, ya shiga a 2014. David Ortiz, wanda jaridar New York Times ta ruwaito cewa sunansa na cikin jerin gwajin 2003, ya shiga a karon farko a 2022 da kashi 77.9, ko da yake Manfred ya ce ba a iya dogara da wancan gwaji. A wannan zaɓen dai aka sallami Bonds da kashi 66, Clemens da kashi 65.2, a shekararsu ta goma kuma ta ƙarshe. Zargin da ke kansu mai nauyi ne, babu mai raina shi: sunan Bonds ya fito a badaƙalar ƙwayoyi ta kamfanin BALCO, tsohon mai horar da Clemens kuma ya ce shi da hannunsa ya yi masa allura. Sai dai gasar ba ta taɓa dakatar da ɗayansu saboda ƙwaya ba, alhali sun buga har 2007. Kotu ta wanke Clemens daga tuhumar yin ƙarya a 2012, hukuncin da aka yanke wa Bonds na kawo cikas ga shari'a kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 2015. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wasan da ya karrama shugabannin da suka ci moriyar zamanin ba shi da bakin korar waɗanda suka jawo 'yan kallon.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce doka tana nan: Amurka ta sa waɗannan ƙwayoyi cikin magungunan da aka taƙaita tun 1990, kuma shugaban gasar na lokacin, Fay Vincent, ya aika wa ƙungiyoyi takardar haramci a 1991. Gaskiya ne. Amma takardar ba ta zo da gwaji ba, ba a kuma cimma yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa a kan hukunci ba, don haka ta zauna a aljihun tebur fiye da shekara goma. In kuma da dokar ƙasa za a auna, to ƙwayoyin hana gajiya na amfetamin sun daɗe suna yawo a ɗakunan 'yan wasa tun shekarun 1960, ba a fara gwajinsu ba sai 2006, kuma babu wanda ya ce a sauke allunan wancan zamani. Gaylord Perry ya yi suna wajen shafa wa ƙwallo maiƙo don ta ruɗi mai bugu, har littafi ya fitar a kan haka a 1974, ya kuma shiga Zauren a 1991.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: ina hakkin waɗanda suka ƙi shan komai, aka danne su? Fred McGriff ya yi bugun tsallake katanga sau 493, ba a taɓa shafa masa wani zargi ba, amma da yake alƙaluman zamaninsa sun kumbura, nasa suka zama kamar ba komai ba, ya shekara goma a takardar ƙuri'a bai ko kusanci kashi 75 ba. An cuce shi. Maganin wannan cuta shi ne a ɗaga wanda aka danne, kamar yadda kwamiti ya yi a Disambar 2022 da duka mutum 16 suka zaɓe shi. Sannan a auna kowa da tsaransa, a tambaya ko gwanintarsa ta tsaya da ƙafarta. Bonds ya lashe kyautar gwarzon gasa a 1990 da 1992 da 1993, shekaru kafin lokacin da masu zarginsa ke cewa ya fara. Clemens ya riga ya ɗauki Cy Young uku kafin ƙarshen 1991. Wanda kuwa babu abin da ya ɗaga shi sai 'yan shekarun kumburi, ana iya ƙin zaɓarsa da hujjar wasa kawai, ba sai an yi masa wa'azi ba.

Hujja ta uku ita ce Zauren wurin girmamawa ne, yara na zuwa, bai kamata a nuna musu mai maguɗi a matsayin abin koyi ba. Amma laifi tudu ne. Cap Anson, wanda ya ƙi shiga fili da baƙaƙen fata a shekarun 1880 ya kuma taimaka aka rufe musu ƙofa, yana ciki tun 1939. Landis, wanda wariyar ta dawwama a duk tsawon mulkinsa, yana ciki. Saboda wannan wariya Josh Gibson ya rasu a Janairun 1947 bai taɓa buga wa babbar gasa wasa ba, watanni uku kafin Jackie Robinson ya karya shingen. Da aka haɗa alƙaluman gasannin baƙaƙen fata da na MLB a 2024, sai ga Gibson ya ɗare saman Ty Cobb a yawan dacewar bugu. Ashe su Ruth da Cobb ma sun kafa tarihinsu ne a filin da aka hana wasu gwanayen shiga. Kowane zamani da tabonsa, kuma abin da ya fi amfani ga yaro shi ne ya ga allon Bonds ya karanta bajintar da zargin a wuri ɗaya, maimakon ya tarar da giɓi babu bayani.

Wannan mudu ba afuwa ba ne ga kowa. Daga lokacin da aka kafa gwaji da hukunci, babu sauran uzuri. Rafael Palmeiro ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka a Maris na 2005 ya musanta shan ƙwaya, bayan 'yan watanni aka dakatar da shi saboda ya faɗi gwaji. Manny Ramirez an dakatar da shi wasa 50 a 2009, ya sake faɗawa a 2011. Alex Rodriguez, mai bugun tsallake katanga 696, an dakatar da shi kakar 2014 gaba ɗaya. Waɗannan matsayinsu ɗaya da na Rose, domin sun san dokar kuma sun ga ana zartar da ita. Mai zaɓen da ya ƙi su yana da madogara a rubuce, wadda ba ta rataya a kan zato ko kan wanda ke yi wa 'yan jarida fara'a ba.

Yanzu makomar Bonds da Clemens tana hannun kwamitin mutum 16, inda ake buƙatar ƙuri'a 12, kuma a zaman 2022 ko huɗu ba su samu ba. Kwamitin na da ikon ci gaba da ƙin su, amma in zai yi haka, ya kamata ya bayyana wa jama'a dokar da suka keta wadda Selig da Perry ba su keta ba. In ya kasa, abin da ya rage shi ne a shigar da su, a rubuta gaskiyar zamaninsu a jikin tagullar, a kuma ci gaba da rufe ƙofa ga duk wanda ya taka dokar da ya san hukuncinta.