Agogon Hannu Ya Ce Kitsen Jiki Kashi 24 Ne: Wane Kitsen Yake Nufi?

Tun da Samsung ya fitar da Galaxy Watch 4 a shekarar 2021, auna kitsen jiki ya zama aikin daƙiƙa 15. Mai agogo zai ɗora yatsu biyu a kan maɓallan gefe, ya ɗan jira, sai lamba ta fito a allo. Haka ma sikelin zamani da ake haɗawa da waya ta Bluetooth. Da yawa daga cikin matasa da zarar sun ga lambar sai hankali ya tashi, a fara shirin yaƙi da duk wani abu mai maiƙo. Matsalar ita ce agogon bai faɗi wane irin kitse ya auna ba, alhali kitsen da ke jikin ɗan'adam ba iri ɗaya ba ne.

Agogon ba ya ganin kitse. Wutar lantarki ce mai rauni ƙwarai, wadda ba a jin ta, yake turawa cikin jiki. Tsoka cike take da ruwa, don haka wutar na ratsa ta cikin sauƙi, kitse kuwa ruwansa kaɗan ne, yana yi mata turjiya. Manhaja sai ta haɗa wannan turjiyar da tsawo, nauyi, shekaru da jinsin mutum, ta yi ƙiyasi. Shi ya sa wanda ya auna da la'asar cikin azumi, ko bayan ya sha rana a watan Afrilu, zai iya ganin kitsensa ya “ƙaru” a wuni guda. Ruwan jikinsa ne ya ragu. Kamfanin ma ya gargaɗi masu juna biyu da masu na'urar daidaita bugun zuciya da kada su yi wannan awon.

Masana suna kiran dangin maiƙo gaba ɗaya da suna lifid, wato sinadaran da ba sa narkewa a ruwa. Wanda ya fi yawa a jiki shi ne tiraigilisaraid, kuma shi ne kitsen da kowa ya sani, na teɓa da cinya da ƙarƙashin fata. Aikinsa kamar na pawa bank ne. Giram ɗaya na kitse na ɗauke da kalori 9, sitaci da furotin kuwa 4 kowanne. Sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka bai fi na kamar wuni ɗaya ba, amma kitsen mutum mai matsakaicin jiki zai iya riƙe shi makonni. Yana kuma tare sanyi, yana yi wa ƙoda matashi. Inda yake zama abin damuwa shi ne idan ya taru a cikin ciki ya kewaye hanji da hanta, domin wannan yana da alaƙa da ciwon sukari da hawan jini.

Na biyu shi ne fosfolifid, wanda ba a cika jin sunansa ba duk da cewa babu rayuwa sai da shi. Siffarsa ce abin mamaki: kansa na son ruwa, jelarsa na gudun ruwa. Saboda haka idan suka taru sai su jeru layi biyu, jela na fuskantar jela, su zama bango. Kowace ƙwayar halitta a jiki da irin wannan bangon aka kewaye ta, kuma shi ke hana abin da ke ciki ya zube, na waje ya shigo yadda ya ga dama.

Duk wanda ya taɓa amfani da wayar caja da robarta ta ɓare ya san yadda caji ke yankewa. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi su ma suna da irin wannan robar, sunanta mayelin, kuma mafi yawanta lifid ne. Jijiyar da aka naɗe da ita na iya kai saƙo da gudun mita 100 ko fiye a daƙiƙa, wadda ba ta da ita kuwa ba ta wuce kamar mita 2. Saurin yatsan ɗan wasan PUBG a kan allo, kitse na da hannu a ciki.

Sai kolestarol, wanda ya yi ƙaurin suna. Gaskiyar magana, jiki da kansa yake haɗa mafi yawan wanda yake buƙata, musamman a hanta. Da shi ake yin sinadaran balaga na maza da mata, da ruwan maɗaci da ke narkar da maiƙon abinci, kuma daga danginsa fata ke samar da bitamin D idan rana ta taɓa ta. Da yake ba ya gauraya da jini, sai an loda shi a cikin wasu ƙananan ƙunshi. LDL ke kai shi sassan jiki, idan ya yi yawa sai ya riƙa maƙalewa a bangon jijiyoyin jini har hanya ta ƙuntata, daga nan ake samun ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. HDL kuma yana kwaso rarar ya mayar hanta.

Nan ne agogo ya gaza gaba ɗaya. Ba shi da hanyar sanin LDL ko HDL. Siriri ma, wanda agogonsa ke nuna masa lamba mai daɗi, zai iya kasancewa da kolestarol mai yawa, musamman idan abin na gado ne, kuma ba ya nuna alama. Sai an ɗebi jini a asibiti ko ɗakin gwaji ake ganewa.

Wanda ya daina cin mai ƙwata-ƙwata don lambar ta sauka ya cuci kansa. Bitamin A, D, E da K sai da maiƙo hanji ke tsotse su. Akwai kuma omega-3 da omega-6 waɗanda jiki ba ya iya haɗawa, dole sai daga abinci: kifi irin su sadin da taitus, gyaɗa, riɗi, waken suya. Man shanu, kitsen nama da manja suna da kitse mai daskarewa da yawa, wanda ke ɗaga LDL idan aka zarce, kodayake jan manja na ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Mafi muni shi ne man da masana'antu ke daskarar da shi da sinadarin haidurojin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara gangamin kawar da shi daga abinci a 2018.

Amfanin agogon yana wajen bibiya. A riƙa aunawa lokaci ɗaya, da safe kafin karin kumallo, sannan a duba inda layin ya dosa cikin wata biyu ko uku, ba lambar yau kaɗai ba. Mata kuma kada su gwada tasu da ta maza: mafi ƙarancin kitsen da jikin mace ke buƙata don ya yi aiki daidai ya kai kashi 10 zuwa 13, na namiji kuwa kashi 2 zuwa 5 ne.